MARAƊI DA SUFURIN KAYA: DAGA AYARIN FATAKE ZUWA TIRELA

 

A taron da ya wuce an kawo shawarar ƙungiya ta fid da abin da ke cikin asusu, a haɗa da karo-karo, a sayi babbar motar ɗaukar kaya. Magana ta yi tsawo, samari suna so, dattawa suna jan ƙafa, har anka tashi ba a yanke ba. Shi ya sa anka ce da mu mu tattaro tarihin wannan sana'a a ƙasarmu, don kowa ya san zurfin ruwan kafin a shiga. Ga abin da munka samu. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

Zamanin jaki da raƙumi

Abu na farko da ya kamata yaranmu su sani shi ne, Maraɗi garin yaƙi ne tun asali, ciniki daga baya ya same shi. Bayan da masu jihadi sunka ci Katsina a 1807, sarakunan Haɓe sunka fita. Ɗan Kasawa ya yi zaman hijira a ƙasar Damagaram, sa'an nan wajen 1819 ya zo ya zauna Maraɗi, cikin kwarin Gulbi, inda kurmi ya yi masa garkuwa daga dawakin abokan gaba. Gobirawa su ma sunka kafa Tsibiri nan kusa. Shekara wajen tamanin ana kai hari ana ramawa tsakanin nan da Katsina. Falke kuwa ba ya son ƙasar da kibiya ke tashi. Saboda haka babbar hanyar ayari ta gabas ta bi: daga Agadas a sauko Damargu, a shiga Damagaram, ko kuwa a bi Tasawa da Gazawa, a faɗa Katsina da Kano. Baturen nan na Jamus mai suna Barth, wanda ya laƙaba ma kansa Abdulkarim, ta Tasawa da Gazawa ya wuce a watan Janairu na 1851, tare da ayarin gishirin Abzinawa.

Duk da haka kakanninmu sun san fatauci, kuma fatauci yana da tsari nasa. Akwai madugu, shi ne uban tafiya, shi ke magana da sarakunan hanya ya biya kuɗin fito da na zango. Akwai jagaba wanda ya san rijiya da mashigi, akwai uban dawaki mai tara kuɗin ayari. Gishiri daga Bilma ya ke zuwa, kantu da beza, kanwa daga Manga, goro daga Gwanja, tufafi da baƙin rini daga Kano, fatu da ƙiraga daga nan. Tafiya Gwanja da dawowa takan cinye rani ɗungum, wani lokaci har shekara ta zagayo mutum bai ga iyalinsa ba.

To, a lura da lissafin nan, don shi ne tushen dukan maganar. Jaki nagari ba ya wuce kilo 50 ko 60 in tafiya mai nisa ce. Raƙumi yana ɗaukar wajen kilo 150. Watau tirela guda mai ton 30 ta yau, kayan raƙuma 200 ne ke bayanta. Da ya ke ɗaukar kaya na da tsada haka, sai abu mai daraja kaɗai ke tafiya nesa. Ba wanda zai ɗora hatsi a jaki ya yi tafiyar wata guda, domin kafin ya isa, shi da jakin sun ci ribar. Wannan ne ya sa a da ake iya yunwa a wata ƙasa alhali rumbuna cike su ke a wata.

Iyaka da jirgin ƙasa

Nasara sun shigo da wuta. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, har anka kashe su biyun kusa da Tasawa. Bayan haka Faransa da Ingila sunka yi ta ja-in-ja a kan inda iyaka za ta bi, domin Faransawa na neman hanya mai ruwa daga Kwara zuwa tafkin Cadi. Tsakanin 1906 da 1908 anka kafa alamomi, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, Katsina ta faɗa hannun Ingila. Gida ɗaya anka raba biyu. Amma abin mamaki, yaƙin da ya hana ciniki shekara da shekaru ya mutu, kuma iyakar da anka ja don ta raba mu ita ce daga baya ta zama gonar attajiranmu.

A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano daga bakin teku. Daga ranar nan hanyar Tarabulus ta fara mutuwa, don kayan da a da ke yin watanni cikin sahara, yanzu ta Legas su ke shigowa cikin kwanaki. Jirgin ya ƙara matsowa, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, ya kai Nguru a 1930. Duk sun zo bakin ƙofarmu sun tsaya, ba wanda ya ƙetaro. Faransawa kuwa sun ja nasu daga Kwatano, ya iso Faraku a 1936, kilomita 438, shi ma ya tsaya nan. Nijar ta zama ƙasar da jirage ke kewaye da ita, ba ta da ko ɗaya. Duk abin da zai fita ko ya shigo, tilas a ɗauke shi a bayan dabba ko a bayan mota har tashar jirgin wani. Daga wannan giɓi ne sana'ar masu manyan motoci ta fito.

Mota kuwa ba ta tafiya sai da hanya, hanya kuwa kakanninmu sunka yi ta da hannu. Aikin tilas ne: kwamanda ya aiko ma sarki, sarki ya aiko ma mai gari, mai gari ya fid da mutane, a sare itace, a ɗebo marmara a kwando, ba lada. A ƙarshen 1924 motocin Citroën masu tafiya bisa sarƙa sun ratsa daga Yamai zuwa Damagaram, mutane na kallo. Ba a soke aikin tilas ba sai a 1946. In tsoho ya ce muku hanyar nan da gumin ubansa anka yi ta, gaskiyarsa ce.

Gujiya

Abin da ya ɗaga Maraɗi shi ne gujiya, wadda mutanen Kano ke ce ma gyaɗa. Nomanta don sayarwa ya fara ƙarfi a wajen Magariya da Matamai, sa'an nan ya bazu yamma. Nasara na son haraji da kuɗi, talaka ba ya da hanyar kuɗi sai ya shuka abin da kanti ke saye. A 1927 anka maido mazaunin kwamanda daga Tasawa zuwa Maraɗi, kamfanoni sunka biyo baya, irin su CFAO da SCOA da Niger Français, tare da ƴan Siriya da Labanan. A 1942 anka kafa injin matsar mai na Siconiger. A 1945 ruwan Gulbi ya cika ya rushe tsohon gari, anka hau tudu anka yanka sabon gari mai faɗin tituna, da kasuwa da kantuna a tsakiya. Wannan masifa ta zama alheri ga sufuri, domin babbar mota ba ta iya juyawa cikin lungunan tsohon birni.

Ga yadda aikin ya ke tafiya. Bayan kaka sai a buɗe awo. Kamfani ya ba yaransa kuɗi, su shiga kasuwannin ƙauye da sikeli da buhuna. Manomi ya kawo a jaki ko a takarkari, a auna, a ɗinke. Raƙuma su kwaso daga ƙauyukan da mota ba ta shiga, a tara buhu bisa buhu har ya zama dala. Sa'an nan motoci su ɗauka su bi Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, su sauke Kano, abin da bai wuce kilomita 260 ba. Daga Kano jirgi ya ja fiye da kilomita 1,100 zuwa Legas, jirgin ruwa ya kai Marsai ko Bordo. A dawowa motocin su ɗauko atamfa, akoko, sukari, gishiri, kananzir, kwanon rufi da siminti. Mafi yawan waɗanda daga baya anka sani da sunan alhazan Maraɗi, a nan sunka fara, suna yaran kanti masu riƙe sikeli. Wanda ya tara ɗan abin hannu sai ya sayi tsohuwar motar ubangidansa.

Ba kullum hanyar Kano ke buɗe ba. Daga 1940 zuwa 1942, lokacin da gwamnatin Faransa ta wannan gefe ta juya ma Ingila baya cikin yaƙin Hitila, an rufe iyaka, mai ya yanke, motoci sunka kwanta, jaki ya koma sarki. Cikin dare ake fito da kaya ta daji. Wannan shi ne rufi na farko, kuma za ku ga ba shi ne na ƙarshe ba.

Tsattsewa

Bayan yaƙi gujiya ta yi yawa ƙwarai a ƙasashen biyu, jirgin Najeriya ya kasa kwashewa. Dalar gyaɗar Kano da ake yi ma hoto, wani sashenta jiran jirgi ne ya tara ta. Kayan Nijar kuwa baƙi ne, sai an gama da na gida. Ga shi kuma da fam na Ingila ake biyan kuɗin jirgi, abin da ke ma Faransa zafi. Saboda haka a 1953 anka ƙago wani shiri da anka sa ma suna Hirondelle, watau tsattsewa, tsuntsuwar da ke tafiya ta dawo. Motoci su ɗauki gujiya daga Maraɗi su bi Ƙonni, Doso, Gaya, su ƙetare Kwara, su sauke Faraku, jirgi ya kai Kwatano. Su kuma juyo da kayan kanti da siminti da mai.

In an duba nisa, hanyoyin biyu kusan ɗaya ne, kowace wajen kilomita 1,400 daga Maraɗi zuwa teku. Bambancin shi ne, ta Kano mota na yin kilomita 260 kawai jirgi ya ƙarasa, ta Faraku kuwa mota ke cin kusan kilomita 1,000. Mota ta fi jirgi tsada nesa ba kusa ba, don haka sai da gwamnati ta yi asusun cike giɓi, kuma duk dabarar shirin ita ce kada mota ta dawo wayam. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa. Gujiyar Damagaram dai ta ci gaba da bin Kano, don nan ya fi mata kusa.

Da fari a jirgin fito ake ƙetare da motoci tsakanin Gaya da Malanbil, har anka gina gada a 1958. A 1959 anka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahomai da Nijar, OCDN, wadda ta koma OCBN bayan ƙasar ta sake suna zuwa Benin a 1975. Tashar jiragen ruwa ta Kwatano mai zurfi an buɗe ta a 1965. Amma tun kafin nan an ɗanɗana ɗacin dogara ga maƙwabci: a ƙarshen 1963, da rigima ta tashi tsakanin Yamai da Dahomai a kan korar ma'aikata da tsibirin Lete, an toshe hanya, kayan Nijar sunka maƙale a bakin teku.

Bayan mulkin kai gwamnatin Diori Hamani ta kafa SONARA a 1962 don cinikin gujiya, da Copro-Niger don kayan masarufi, kuma anka kafa SNTN, kamfanin sufuri na ƙasa. SONARA ta ba ƴan ƙasa izinin saye, alhazai sunka samu ƙofa, banki ya fara ba su bashin mota. A kakar 1966 zuwa 1967 abin da anka saya na ɓararriyar gujiya ya kai wajen ton 190,000, ba a taɓa kaiwa haka ba, ba a kuma sake ba.

Direba da karen mota

Bari mu ɗan tsaya kan mutanen da ke cikin motar, don da yawa daga iyayenmu da ke zaune yau a gindin bedi, a nan sunka ƙare ƙuruciyarsu. Motocin wancan zamani su ne Citroën T45, da Berliet, da Bedford mai bodin katako, da Marsandi wadda ake ce ma roka. Hanya ta marmara ce mai gargada, in ka yi sannu ta karkaɗe ka, in ka yi gudu ta kwance maka ƙusoshi. Da damina akwai shingen ruwa: in an yi ruwa sai a gicciya itace, babbar mota ta jira ƙasa ta sha iska, ko da kwana za a yi. Kwalta ta Yamai zuwa Damagaram sannu-sannu anka shimfiɗa ta, gaɓa-gaɓa, cikin shekarun 1960 da 1970.

Direba a lokacin mutum ne mai daraja, ya ga Kwatano ya ga teku, yana jin Faransanci da Yarabanci na kasuwa, kuma shi ne gidan waya na ƙauye, shi ke kawo wasiƙa da saƙon kuɗi. Karen mota kuwa shi ke ɗaukar wahala. Shi ke diro da waigi in an tsaya kan hawa, shi ke ɗaure tamfol, shi ke faci, shi ke dafa abinci, ƙarƙashin mota ya ke kwana yana gadi. Yakan shekara biyar ko fiye kafin maigida ya yarda ya ba shi sitiyari, sa'an nan a nemi permi. Wasu sun zama direbobi, kaɗan sun mallaki mota, da yawa sun komo gida da ciwon baya da labari mai daɗi. Akwai kuma waɗanda ba su komo ba, Allah ya jiƙansu.

Wani abin da yara ba su sani ba: har zuwa watan Afrilu na 1972 Najeriya hannun hagu ta ke bi kamar Ingila. Direban Maraɗi in ya wuce Ɗan Isa sai ya sake hannu, in ya manta kuwa sai ta Allah.

Gujiya ta faɗi, taranzi ya tashi

Abubuwa uku sunka taru cikin shekara goma sunka sake fuskar sana'ar. Na ɗaya yaƙin Biyafara, 1967 zuwa 1970. Hanyoyin kudu sun rikice, arewacin Najeriya na bukatar kaya, attajiran Maraɗi sunka gano cewa ana iya sauke kaya a Kwatano da sunan Nijar, a hau da su Maraɗi, a juya da su Katsina da Kano. Taba sigari da atamfa ne kan gaba. Na biyu fari, wanda ya tsananta a 1973 da 1974. Motocin da sunka saba fita da gujiya sunka koma shigo da dawa da masarar taimako, ana kai ma rumbunan OPVN. An ga hatsi na ruɓewa a tashar teku don rashin mota, an kuma ga wanda bai isa ga mai yunwa ba, kuma wannan na cikin dalilan da soja sunka bayar ranar 15 ga Afrilu 1974 da Seyni Kountché ya karɓi mulki. Na uku cutar da ta faɗa ma gujiya a 1975 ta ƙarasa abin da fari ya bari. Manomi ya koma hatsi da wake da aya.

Kuɗin ƙasa sai ya koma arewa, wajen ƙarfen uraniyom na Arlit, wanda anka fara haƙa a 1971. An shimfiɗa masa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, wajen kilomita 650, anka gama a farkon shekarun 1980. Wannan kaya bai biyo ta Maraɗi ba, ta Ƙonni da Doso ya ke sauka Faraku, kuma manyan kamfanoni ke ɗaukarsa. Abin da ya riƙe Maraɗi shi ne taranzi. Najeriya ta samu kuɗin man fetur, ta fid da naira a 1973, kuma tana yawan hana shigo da kaya don ta kāre masana'antunta: yau yadi, gobe shinkafa, jibi alkama ko gwanjo. Duk abin da Legas ta hana, sai ya zagayo ta Kwatano ya kwana Maraɗi. Gwamnatin Nijar na karɓar kuɗinta na duwan a fili, abin da ya faru bayan Ɗan Isa kuwa ba ruwanta. A 1974 anka kafa NITRA don aikin takardu da ajiya. Daga can kuma mai da taki da siminti da kayan roba ke shigowa. Manyan gidaje da masallatai da jerin tireloli da kuke gani a birni, yawancinsu ƴaƴan wannan zamani ne.

Mu faɗi gaskiya, arzikin nan bai sauko ƙauye kamar na gujiya ba. Gujiya ko ba komi daga gonarmu ta ke fita, kowane gida na ganin ɗan abinsa bayan awo. Kwalin taba kuwa daga jirgi ya ke zuwa sito, daga sito zuwa iyaka. Abin da ɗan ƙauye ke samu shi ne dako, da gadi, da tura kura, da fito cikin dare wanda ke iya kai shi kurkuku.

Yadda kaya ke isowa, da inda kuɗi ke zubewa

Tun da jirgin Faraku ya raunana cikin shekarun 2000, mota ta koma ɗaukowa tun daga bakin teku. Tsarin da anka saba shi ne: kaya su sauka, mai aikin taranzi ya fid da takardu, a raba lodi bisa yarjejeniyar ƙasashen biyu, kashi biyu cikin uku na motocin Nijar, kashi ɗaya na motocin masu tashar. Mota ta rubuta suna wajen ƙungiyar masu motoci ta shiga layi. Layin nan na iya cin mako biyu ko fiye, direba na ci daga aljihun mai mota, sai fa wanda ke da ɗan kamasho mai dogon hannu ko attajirin da kayan nasa ne. In an yi lodi a hau arewa, a tsaya duwan na iyaka, a tsaya shingen jandarma da na ƴan sanda, kowane da abin da ya ke nema, har a iso duwan na Maraɗi, ƴan dako su sauke.

Sa'an nan a zo ga matsalar da tsattsewa ta so warwarewa tun 1953. Abin da Nijar ke shigowa da shi ya fi abin da ta ke fitarwa nauyi nesa. Saboda haka mota takan gangara kudu wayam, sai in ta dace da albasar Galmi ko wake ko aya ko dabbobi. Man gazuwal na zuwa da dawowa duka a kan lodi guda ya ke. Don a cike wannan ne masu motoci ke ƙara ƙarfe a bodi su labta kaya fiye da kima, kwalta ta farfashe, taya ta fashe, mota ta tsufa da wuri. Ƙasashen UEMOA sun yi dokar ƙayyade nauyi a 2005, an daɗe ana jan aiki da ita.

Sai kuma iyaka. Gwamnatin Buhari ta soja ta rufe ta a Afrilu 1984, daidai da sake kuɗin naira, daidai kuma da farin 1984, shekarar da mutanenmu ba su manta ba, kuma ba a buɗe ba sai Maris 1986. A Janairu 1994 an karya darajar sefa da rabi, kuɗin taya da kayan gyara sunka ninka dare ɗaya. An sake rufewa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta sa takunkumi, Najeriya da Benin sunka rufe gaba ɗaya, motoci sunka yi jerin gwano a Malanbil, kaya na lalacewa, ana ƙetare da abin da ya samu a kwalekwale. An ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, hanyar Jibiya ta buɗe a Maris, amma gadar Gaya ba ta buɗe ba duk wannan shekara. Kaya sunka koma bin Lome da Burkina, ana tara motoci ɗaruruwa soja su raka su, tafiyar da ke cin makonni. Attajiri mai mota 30 yana iya jure wata shida ba lodi. Mai mota guda wadda bashi ke kanta, wata biyu ya ishe shi.

Abin da munka gani game da shawarar

Ba mu ne masu yankewa ba, taro ne. Amma tun da an tambaye mu, ga ra'ayinmu. Duk waɗanda sunka yi arziki da tirela a Maraɗi, kayan kansu su ke ɗauka, ko kuwa suna da alkawarin lodi daga kamfani ko gwamnati. Ƙungiyarmu ba ta da sito a birni, ba ta da wakili a bakin teku. In mun sayi tirela, layi za mu bi, kuma direban zai yi wata guda inda idon kowa ba ya kai. Ɗan uwa ne za a ba, in lissafi bai fito ba kuwa, wa zai kai ƙarar ɗan ƙanensa? Mun san ƙungiyoyin da motar taro ta raba zumuncinsu.

Ƙaramar mota mai ton 10 magana ce dabam. Tana da lodi zuwa da dawowa ba tare da ta ƙetare iyakar kowa ba: ta fita da wake da aya da hatsi da awaki ranar kasuwa, ta komo da taki da siminti da kwano da buhunan ƴan tireda. Kowane dare tana kwana gida, ma'aji na ganin littafinta. Amma ita ma ba ta da amfani in mashigin ƙoramarmu na yanke gari daga kwalta duk watan Agusta, don haka sai a fara tambayar abin da gyaransa zai ci. A kuma sa cikin lissafi cewa hanyoyin kudancin Madarunfa ba su da kwanciyar hankali irin ta da, saboda ƴan bindiga.

Saura maganar jirgi, da ya ke samari sun ta da ita a taro. An shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Doso, kilomita wajen 140, anka yi bikinsa a 2016, bai haɗu da na Faraku ba, bai kuma ɗauki kayan kowa ba. A watan Fabrairu na 2021 gwamnatin Najeriya ta aza harsashin wani daga Kano, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi, kilomita wajen 284, anka ba kamfanin Mota-Engil na Fotugal aikin. Ranar da ya fara jan kaya, tirelolin da ke dogon zango tsakanin Kano da nan su ne za su fara jin jiki. Buhun da jirgi ya sauke a tashar Maraɗi kuwa sai an samu motar da za ta kai shi Dakoro da Mayahi da Gidan Rumji da garinmu.